Mudu Biyu a Kasuwa Ɗaya: Yadda Aka Auna Ƙuri'un Fulorida a 2000

Akwai wani hoto da ya zaga duniya a watan Nuwamban 2000. Alƙali Robert Rosenberg na gundumar Broward a jihar Fulorida ya ɗaga katin ƙuri'a sama, ya kara gilashin ƙara girman abu a fuskarsa, idonsa ya fito ƙuru-ƙuru. Abin da yake leƙe bai fi ƙwayar shinkafa ba. Wani ɗan guntun takarda ne da ya kamata a ce ya fice daga jikin katin amma ya maƙale. Amurkawa suna ce masa chad (ba abin da ya haɗa shi da ƙasar Chadi), mu kuwa bari mu kira shi ɗan murfi. A kan wannan ɗan murfi kujerar shugabancin Amurka ta yi kwana 36 tana reto tsakanin George W. Bush da Al Gore.

Sai an san yadda ake zaɓen kafin a gane rigimar. A gundumomi da yawa na Fulorida, a wancan lokaci ba dangwale ake yi ba. Za a ba ka kati, ka zura shi cikin wani ɗan faranti mai ɗauke da sunayen 'yan takara, ka ɗauki tsinken ƙarfe ka soka a ramin da ke daidai da sunan gwaninka. Sokawar za ta ture ɗan murfi, rami ya buɗe. Da dare na'ura za ta haska katin, inda haske ya ratsa ta ƙirga ƙuri'a. Idan katin bai zauna daidai ba, ko hannun tsohuwa bai danna da ƙarfi ba, ko ɓarɓashin takarda ya taru a ƙarƙashin farantin, sai murfin ya ƙi fita gaba ɗaya. Wani ya rage yana lilo da kusurwa ɗaya, wani da kusurwa biyu, wani kuwa bai yage ko kaɗan ba, loɓawa kawai ya yi, har ma aka riƙa yi masa laƙabi da mai ciki. A wajen na'ura mai wannan kati bai zaɓi kowa ba. A wajen mutumin da ya bi layi ya soka tsinke, ya zaɓa.

A zaɓen da aka yi nisa tsakanin 'yan takara, ba wanda zai kula. Amma ranar 7 ga Nuwamba, cikin ƙuri'u kusan miliyan 6 da aka kaɗa a jihar, ƙirgen farko ya ba Bush ratar 1,784 kacal. A lokacin jihar tana da wakilai 25 cikin wakilan jihohi da ke zaɓen shugaban ƙasa, kuma duk wanda ya ci jihar ko da ƙuri'a ɗaya ne ya kwashe su duka, ya haye 270 ɗin da ake bukata. Dokar jihar ta ce idan rata ba ta wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, dole a sake bi da katunan ta na'ura. Aka sake, rata ta dawo ɗari uku da 'yan kai. Katunan nan dai su ne, na'urorin ma su ne, amma lissafi ya canja, domin kowane wucewa ta na'ura yana karkaɗe wasu murafen da ke lilo. Daga nan Gore ya nemi a ƙirga da hannu a gundumomi huɗu cikin 67: Volusia, Palm Beach, Broward da Miami-Dade, duka wuraren da jam'iyyarsa ta Dimokurat ke da ƙarfi.

Me doka ta ce wa mai ƙirga da hannu? Ta ce ya nemi niyyar mai zaɓe. Shi ke nan. Ba ta faɗi kusurwa nawa za su yage ba, ba ta ce komai a kan loɓawa ba. Ta bar hukunci a hannun kwamitin mutum uku na kowace gunduma, wanda a ka'ida ya ƙunshi alƙalin gunduma, da jami'in zaɓe, da shugaban majalisar gundumar. Masu ƙirga suna zaune bibbiyu a tebur, wakilan jam'iyyu na tsaye a kansu, duk katin da aka yi gardama a kai a tura wa kwamitin.

A Palm Beach an fara da wata ka'ida ta 1990 wadda ta ce murfin da bai yage ba sam ba ƙuri'a ba ne. Ana cikin aiki aka koma wata: a ɗaga katin, in haske ya ratsa ko ta ina, a ƙirga. Aka sake komawa ta 1990. Daga baya kotu ta ce kada su yi watsi da loɓaɓɓun murafe a dunƙule. Maƙwabciyarsu Broward kuwa ta saki hannu, tana karɓar loɓawa cikin sauƙi, sai ta tono sababbin ƙuri'u kusan ninki uku na waɗanda Palm Beach ta samo, bambancin da yawan jama'ar gundumomin biyu ba zai bayyana shi ba. A Miami-Dade wani mai sa ido ya shaida wa kotu cewa mutum ukun da ke kwamitin kowa da irin awonsa. Ita Miami-Dade ma ba ta gama ba, ta dakatar da aikin ranar 22 ga Nuwamba bayan wasu magoya bayan Rifablikan, jam'iyyar Bush, sun cika harabar ofishin suna ihu suna dukan ƙofa, ko da yake kwamitin ya ce ƙarancin lokaci ne dalilinsa.

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi ya san abin da ke nan. Mata biyu sun shigo kasuwa ɗaya da kuɗi ɗaya, an auna wa wannan da mudu mai tozo, an auna wa waccan da shafaffe. Kati mai loɓawa iri ɗaya, a Broward ƙuri'a ce, a tsallaken iyakar gunduma shara ce. Lauyoyin Bush sun kama wannan suka riƙe, kuma gaskiya suka faɗa. Akwai ma abin da ya fi bambancin awo muni: masu awon sun san wa kowane awo zai amfana. Mutumin da ke duban loɓawa a layin Gore ya san ratar da ake bi 'yan ɗaruruwa ce, ya kuma san jam'iyyarsa. Ko waliyyi ne, idonsa zai ɗan karkata.

Ranar 26 ga Nuwamba sakatariyar jihar, Katherine Harris, wadda ita kanta tana cikin shugabannin yaƙin neman zaɓen Bush a Fulorida, ta sa hannu cewa Bush ya ci da rata 537. Ta ƙi karɓar ƙirgen Palm Beach saboda ya makara da kamar awa biyu. Gore ya tafi kotu. Ranar 8 ga Disamba Kotun Ƙolin jihar, da alƙalai 4 a kan 3, ta ba da umarnin a duba da hannu duk katunan da na'ura ta ce babu kowa a kansu, a faɗin jihar. Ma'aunin da ta bayar shi ne dai na dokar, niyyar mai zaɓe, ba ta ƙara ko harafi ba.

An zarge ta ƙwarai a kan wannan, amma ni ina ganin gaba kura ce baya sayaki. Kwana huɗu kafin nan, Kotun Ƙolin tarayya ta soke wani hukuncinta na baya wanda ya ƙara wa'adin ƙirge, ta nemi ta bayyana inda ta samo wannan iko, domin tsarin mulkin Amurka majalisar dokokin jiha ya ba ikon tsara yadda za a naɗa wakilai, ba alƙalai ba. To, da kotun jihar ta ce kusurwa biyu ne ma'auni, da an ce ta ƙirƙiro doka bayan an gama zaɓe. Da ta yi shiru kuma, aka ce ta bar kowa da mudunsa. Ko ta ina ta bi, akwai sanda a ajiye.

Washegari, 9 ga Disamba, ana tsakiyar ƙirge, Kotun Ƙolin tarayya ta dakatar da shi da alƙalai 5 a kan 4. Mai shari'a Antonin Scalia ya rubuta cewa ƙirga ƙuri'un da ake shakkar halascinsu zai iya yi wa Bush lahanin da ba ya gyaruwa, domin zai jefa shakku a kan sahihancin nasarar da yake iƙirari. Mai shari'a John Paul Stevens ya amsa cewa ƙirga ƙuri'ar da aka kaɗa bisa doka ba zai taɓa zama irin wannan lahani ba. Aka saurari lauyoyi ranar 11, Theodore Olson na Bush da David Boies na Gore, hukunci ya fito daren 12.

Ana yawan cewa hukuncin 7 da 2 ne, ana kuma cewa 5 da 4 ne, kowa da wanda ya fi yi masa daɗi. Abin da ya faru shi ne, alƙalai bakwai sun ga cewa bambancin awo matsala ce a ƙarƙashin gyara na 14 na tsarin mulki, wanda ya ce doka ta kare kowa daidai wa daida. Inda aka rabu shi ne magani. David Souter da Stephen Breyer suka ce a mayar wa kotun Fulorida ta kafa mudu ɗaya, a ci gaba da ƙirge har 18 ga Disamba, ranar da wakilai za su kaɗa tasu ƙuri'ar. Biyar ɗin, wato William Rehnquist, Sandra Day O'Connor, Scalia, Anthony Kennedy da Clarence Thomas, suka ce lokaci ya ƙure. Hujjarsu wata dokar tarayya ce da ta ce jihar da ta warware rigimarta kwana shida kafin taron wakilai ta hau tudun mun tsira, majalisar ƙasa ba za ta ƙalubalanci wakilanta ba. Ranar kuwa ita ce 12 ga Disamba, kuma sun ce Fulorida tana son wannan kariya.

A nan na rabu da su. Ranar 12 ba katanga ba ce, garkuwa ce da jiha za ta iya rasawa ba tare da ƙuri'unta sun mutu ba. A 1960 jihar Hawayi ta gama sake ƙirge a ƙarshen Disamba, sakamako ya juya daga Richard Nixon zuwa John Kennedy, kuma Nixon da kansa, yana jagorantar zaman majalisa a matsayin mataimakin shugaban ƙasa, ya karɓi wakilan Kennedy. Stevens ya tuna musu da wannan. Ban da haka, kwana ukun da suka salwanta tsakanin 9 da 12, kotun ce ta cinye su da umarninta na dakatarwa. Ka riƙe wa mutum ƙafa, sa'an nan ka ce ya makara. Kuma in laifin shi ne an auna wa wata da mudu mai tozo, wata da shafaffe, ban ga yadda rufe kasuwar zai zama adalci ga wadda aka tauye ba. An daidaita su ne ta hanyar hana dukansu.

Sai dai abin da ya fi damuna ba ma wannan ba ne. Rashin daidaiton da kotu ta gani a teburin ƙirge ƙarami ne in aka gwada shi da wanda ya riga ya faru ranar zaɓe, wanda kuma aka sa wa hannu a cikin 537 ɗin nan. Alƙaluman da Stevens ya kawo sun nuna cewa a gundumomin katin sokawa, kashi 3.92 cikin ɗari na ƙuri'u ba su shiga lissafin shugaban ƙasa ba, a gundumomin da ake cike da'ira da alƙalami na'ura ta karanta kuwa kashi 1.43 ne. Dubi Gadsden da Leon, maƙwabtan juna. A Leon, inda babban birnin jihar Tallahassee yake, na'urar tana cikin rumfar zaɓe. Ka yi kuskure ta tofo maka takardar nan take, a ba ka wata. Abin da ya lalace a can bai kai ɗaya cikin ɗari ba. A Gadsden, gunduma ɗaya tak a jihar da baƙaƙen fata suka fi yawa, tara takardun ake yi a kai hedikwata, mai zaɓe ya daɗe da komawa gida kafin a san ya yi kuskure. Kusan ƙuri'a ɗaya cikin takwas ta lalace. A Duval an raba sunayen 'yan takarar shugaban ƙasa a shafi biyu, alhali samfurin da aka nuna wa jama'a kafin zaɓe ya ce a yi zaɓe a kowane shafi. Mutane suka bi umarni, ƙuri'u fiye da 20,000 suka zama masu baki biyu, wato an zaɓi ɗan takara fiye da ɗaya a kansu, aka zubar da su. A Palm Beach tsarin takarda mai fukafukai biyu, sunaye a hagu da dama, ramuka a tsakiya, ya rikita mutane har Pat Buchanan, ɗan takarar wata ƙaramar jam'iyya, ya samu ƙuri'u 3,407 a gundumar da shi kansa ya ce yawancinsu ba nasa ba ne.

Biyar ɗin sun ga wannan rami, suka kewaye shi. Suka rubuta cewa tambayar da ke gabansu ba ta ko gundumomi na da damar amfani da tsare-tsare daban-daban ba ce, suka kuma ƙara jimlar da har yau ake yi musu gori da ita, cewa nazarinsu ya taƙaita ga halin da ake ciki kawai. Kotun da aikinta shi ne kafa ka'idar da za a bi gobe ta yanke hukunci ta ce kada a ɗauke shi a kai wani wuri. Dalilin a fili yake. Da ka'idar ta tsaya da ƙafarta, da kusan kowane zaɓe a Amurka ya faɗi, domin a yawancin wurare gundumomi ne ke sayen na'urorinsu gwargwadon aljihunsu. Ƙirgen hannu, duk da aibinsa, shi ne kaɗai hanyar da ta rage ta rage wa mai katin sokawa asarar da na'ura ta jawo masa.

Kada mai karatu ya ɗauka ɓangare ɗaya ne ke da riga mai tsabta. Gore yana ta cewa a ƙirga kowace ƙuri'a, amma gundumomi huɗu ya nema a hukumance. Ya yi tayin a ƙirga jihar duka a wani jawabi ranar 15 ga Nuwamba, Bush ya ƙi, shi kuma bai bi ta kotu ya nema ba. Da aka zo kan ƙuri'un da 'yan jihar mazauna ƙetare suka aiko ta gidan waya, waɗanda sojoji ke da yawa a ciki, sai riguna suka sauya. Lauyoyin Dimokurat masu wa'azin niyyar mai zaɓe suka koma neman hatimin gidan waya da sa hannun shaida, lauyoyin Rifablikan masu wa'azin tsauri suka koma cewa a duba niyya, kada a zubar da ƙuri'ar soja saboda hatimi. Binciken jaridar New York Times a 2001 ya gano irin waɗannan ƙuri'u 680 da aka ƙirga alhali ba su cika sharuɗɗan jihar ba, adadin da ya ɗara ratar kanta. A Teksas kuwa, jihar da Bush ke gwamna a lokacin, doka ta yarda da loɓawa in ta nuna niyya a fili, kuma shi ya sa hannu a 1997 a dokar da ta fifita ƙirgen hannu a kan na na'ura.

Dattawan Nijeriya za su tuna da makamancin wannan a 1979, lokacin da aka tashi fassara kashi biyu cikin uku na jihohi 19 bayan kowa ya riga ya san Shehu Shagari ya samu rubu'in ƙuri'u a jihohi 12, ya gaza a Kano. Sha biyu da biyu cikin uku ne ko sha uku? Da an amsa tambayar kafin zaɓe, lissafi ne na 'yan makaranta. Da aka bari sai bayan sakamako, duk amsar da aka bayar naɗin sarauta ce.

Gore ya amince da shan kaye ranar 13 ga Disamba. Bush ya tashi da wakilai 271, Gore da 266, duk da cewa Gore ya fi shi da ƙuri'u sama da rabin miliyan a faɗin ƙasa. Fulorida ta yi dokar da ta kori katin sokawa a 2001, ta kuma umarci a rubuta ka'ida ɗaya ta abin da ake kira ƙuri'a, majalisar ƙasa ta bi da tata dokar a 2002 da kuɗin sauya na'urori. A 2013 O'Connor ta faɗa wa jaridar Chicago Tribune cewa wataƙila da kotun ta ƙi karɓar shari'ar tun farko.

Dokar Fulorida ta ba jama'a damar duba takardun zaɓe, don haka 'yan jarida suka koma kan katunan. Binciken Miami Herald da USA Today a kan katunan da na'ura ta ce babu kowa ya fito da abin dariya. In aka bi sassauƙan awon da mutanen Gore suka yi ta fafutuka a kai, a ƙirga har loɓawa, Bush ne ke ci da 1,665. In aka bi mafi tsauri, irin wanda mutanen Bush suka fi so, Gore ne ke ci da ƙuri'a 3. Kowane ɓangare ya zuba lauyoyi yana kare mudun da zai kayar da shi.

Babban binciken, wanda gungun kafofin labarai suka ba wata cibiya ta Jami'ar Shikago, ya duba takardu 175,010, aka fitar da shi a Nuwamban 2001. Da an gama ƙirgen gundumomi huɗun Gore, Bush ne da 225. Da an bar umarnin kotun jihar ya tafi yadda aka rubuta shi, Bush ne da 493. Amma da an duba duk takardun da aka zubar a jihar, har da masu baki biyu, Gore ne ke gaba a kowane awo, da ratar da ke tsakanin 42 da 171. Rata irin wannan cikin miliyan 6 ta yi ƙanƙanta da a rantse a kanta, gajiyar idon mai ƙirga ma za ta iya haɗiye ta. Abin lura shi ne inda ƙuri'un suka ɓuya. Masu baki biyu sun kai 113,820, kusan ninki biyu na waɗanda aka yi ta faɗa a kansu, kuma a cikinsu akwai takardun da mutum ya cike da'irar Gore ko ta Bush, sa'an nan ya gangara layin da aka ce a rubuta sunan ɗan takara, ya sake rubuta sunan nan da hannunsa don ya tabbatar. Na'ura ta ce ya zaɓi mutum biyu. Waɗannan ba sa bukatar gilashi ko ɗagawa a haske, yaro ma zai karanta su. Lauyoyin Gore ba su nemi a duba su ba, umarnin kotun jihar bai ambace su ba. Alƙali Terry Lewis, wanda aka ɗora wa kula da ƙirgen, ya ce daga baya yana shirin sauraron batunsu a ranar Asabar ɗin da umarnin dakatarwa ya iso daga Washinton.